Danƙon Manni A Cikin Guzurin Matafiyi

Ko wace tafiya da irin guzurinta. Wanda za shi ƙauyen bayan gari ba ya bukatar abin da ya wuce sanda da buta, amma wanda ya yi niyyar ƙetare ƙasashe, ko don fatauci, ko don neman ilmi, ko don sauke farali, lalle ne ya zauna tun lokaci bai ƙure ba ya yi lissafin abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Mafi yawan mutane in sun zo wannan lissafi manyan kaya su ke tunawa, watau riguna da takalma da kuɗi da takardun hanya. Ƙananan kuwa sai an sauka baƙon wuri, dare ya yi, an rufe kantuna, sa'an nan a ke sanin darajarsu. Maganar yau a kan ɗaya daga cikin waɗannan ƙanana ta ke, wani irin danƙo da a ke manna takarda da shi a bango, a cire, a sake mannawa, ba ya bushewa, ba ya ƙarewa da amfani guda. Abin da a ke son tabbatarwa shi ne ya cancanci wuri a jakar malami da ta ɗan kasuwa, amma fa bisa sharuɗɗa, gama wanda ya ɗauke shi bai san iyakarsa ba, ɓarnar da zai yi da shi ta fi gyaran yawa.

Fasali a kan guzurin mutanen da

Fataken Kano da su ka riƙa zuwa Gwanja sayen goro su kan yi watanni a hanya. Ayari ya kan tashi a ƙarƙashin madugu, da jakuna da takarkarai, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya sauka Salaga. Su kan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro cikin huhu, a na kwancewa a zango-zango a na yayyafa masa ruwa, a na tsince wanda ya ruɓe. Duk wanda ya san labarin irin wannan tafiya ya san ba safai babban abu kan tsai da falke ba. Mangala ce za ta yage, ko igiya ta tsinke, ko gora ta tsage ta soma yoyo. Saboda haka ba a raba zabirar falke da basilla da zare da ƙyastu da 'yar wuƙa. Malami kuma, in ya rataya gafakarsa za shi ci-rani, ko ya bi hanyar gabas ta Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar da ta kan ci shekaru, ba ya mance kurtun tawada da alƙaluma da 'yan ƙwayoyin ƙaro, domin ya san tawada ba ta zama a allo ko a takarda sai da ƙaro. Danƙo ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An san na kaɗanya, an san na gamji, an san kakin zuma, da irinsu a ke toshe ɓula tun ba a ga kantin Bature ba.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, mota ta biyo baya, sa'an nan jirgin sama ya zo ya naɗe tafiyar shekara ya mai da ita ta yini guda. Amma sauƙin ya zo da nasa ƙa'idodi. Kamfanonin jirage da yawa sun yanka wa ko wace jaka kilo 23, wanda ya haura ya biya. Tun shekarar 2006 kuma aka taƙaita abu mai ruwa da fasinja ke shiga da shi a jakar hannu, a mafi yawan filayen jirage kwalba ba ta wuce mililita 100. Wuƙa da babban almakashi da guduma ba su shiga tare da mai su. Ashe ke nan zabirar falken da, in an kai ta gaban masu bincike a yau, rabin abin da ke ciki karɓewa za a yi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Abin gyaran da ya dace da matafiyin wannan zamani shi ne wanda ba shi da nauyi, ba shi da kaifi, ba ya kuma zuba ya ɓata tufafi. Danƙon manni ya cika waɗannan duka.

Fasali a kan asalinsa da yadda ya ke kamawa

A ƙasar Ingila aka same shi a shekarar 1969, ba kuwa shi aka tashi nema ba. A na ƙoƙarin haɗa wani abin toshe kafa ne da garin alli da roba da mai, sai haɗin ya ƙi daskarewa, ya fito abu mai laushi, ya na kama abu ya na saki. Kamfanin Bostik, mai masana'anta a birnin Lesta, shi ya fitar da shi kasuwa da sunan Blu Tack. Da farko fari ne, sai aka ji tsoron kada yara su zaci cingam ne su kai baki, aka rina shi shuɗi, daga nan sunansa ya samo asali. Kamfanin ya ɓoye cikakken sirrin haɗin, kuma tun shekarar 2015 ya koma hannun kamfanin Arkema na Faransa. Waɗansu kamfanoni su ma sun yi nasu. A Afirka ta Kudu Prestik a ke ce masa. A Faransa da wuraren da a ke magana da Faransanci an fi saninsa da Patafix, na kamfanin UHU na Jamus, a kan sayar da shi a yayyanke ƙanana, fari ko rawaya. A Amurka akwai Fun-Tak. Wanda zai neme shi a kantin kayan rubutu, ya kyautu ya san sunan da a ke kiransa da shi a ƙasar da ya sauka.

Yadda ya ke kamawa ya bambanta da na gam. Gam sai ya bushe ya daskare kafin ya riƙe, in kuwa ya riƙe ya riƙe ke nan, ba a raba shi da abin da ya kama sai da ɓarna. Shi wannan babu ruwa a cikinsa da zai bushe. Ko wane gilashi ko katako, kome santsinsa a ido, ya na da 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In an danna danƙon sai ya shiga ya cika su, ya lafe a jikin abin, in an ɗaga shi a hankali ya fito da jikinsa duka. Watau ƙarfinsa a dannawa ya ke. Daga wannan ne ƙa'idodin aiki da shi su ka fito. A murza shi tsakanin yatsu tukuna har ya ɗauki ɗumi ya yi laushi. Wurin da za a manna ya zama busasshe, ba ƙura, ba maiƙo. Ƙanana huɗu kamar ƙwayar wake a kusurwoyin takarda sun fi curi guda a tsakiya riƙo. In an zo cirewa a mirgina shi da yatsa, kada a fizga, in ya bar saura a murza wani guntu a yi ta dangwala wurin har ya tsince ɗan'uwansa.

Kada a zaci abin wasa ne kawai. A Kalifoniya ta Amurka, inda girgizar ƙasa ta yawaita, da irin wannan danƙo a ke kafe gindin tangaran da kayan gilashi a kan kanta, a gidajen mutane da gidajen adana kayan tarihi, don kada su zame su faɗo. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Fasali a kan amfaninsa ga ɗan kasuwa

Attajirin da ya je sarin kaya Dubai, ko Guangzhou ta ƙasar Sin, ko Kwatano da Lome, ya kan yini ya na zaga shaguna, ya komo masauki da aljihu cike da samfur da katin masu shago da 'yan takardun farashi. Wahalar ta na zuwa da dare, lokacin da zai zauna ya gwada wannan da wancan ya yanke shawarar wurin da zai zuba kuɗinsa. In takardun sun cakuɗe a kan gado, ya na iya ba wani samfur farashin wani, kuskuren da a kan kwantena guda ya isa ya cinye ribar tafiya. Da ɗan danƙo sai ya jera su a jikin madubi ko ƙofar kabad, ko wane samfur da farashinsa da sunan shagonsa, ya tsaya ya dube su gaba ɗaya kamar yadda ya ke duban kantarsa ta Kantin Kwari. In gari ya waye ya cire, ya dunƙule danƙon ya mayar gwangwani. Sai dai ya lura, a jikin takarda a ke sa shi, ba a jikin shadda ko atamfa ba, gama ya na barin tabon mai a yadi.

Har wa yau mai kai kaya baje koli, ko mai kasa kaya a kasuwar da ba tasa ba, ya san farashi ba ya zama wuri ɗaya in canjin kuɗi ya na motsi. Takardar farashi mai gam, in an ɓare ta, ta kan bar datti a jikin kaya har mai saye ya ce tsoho ne. Wadda aka manna da danƙo kuwa a na sake ta sau goma a yini ba alama. Mai ɗauke da ƙananan kaya masu daraja, irin agogo da zobba, ya na iya kafe akwatinansu a gindin jaka don kada su yi ta karo da juna a hanya. In ƙaramin sukurun tabarau ya kwance, a kan ɗora ɗigon danƙo a bakin sukundireba ya riƙe shi har a ɗaura. In kwalba ta fashe, da shi a ke tsince ɓarɓashin da tsintsiya ta bari, sa'an nan a yar da wannan guntun. In allura ta faɗa tsaga, a sa shi a kan tsinke a ɗauko ta.

A cikin ɗakin masauki ma ba ya rasa aiki. Akwai 'yar fitilar talabijin ko ta na'urar sanyaya ɗaki mai hana gajiyayye barci, ɗigo guda ya rufe ta. Akwai kafar makulli da ta leƙe a jikin ƙofa, wanda ya ke tare da iyali ya san amfanin toshe su. Akwai tebur mai ɗingishi, da taga mai kaɗawa in iska ta taso, da ramin da tururuwa ke fitowa, da wayar caja mai zamewa bayan gado. Kwanon wanke hannu na bayi kuma sau da yawa a kan tarar ba shi da marfin toshewa, wanda ya ke son jiƙa hula ko safa sai ya busar da bakin magudanar ya liƙe ta na ɗan lokaci, in ya gama ya cire danƙon duka, kada ya bar shi ya bi ruwa.

Fasali a kan amfaninsa ga malami

Malamai ba su fi 'yan kasuwa zama wuri ɗaya ba. Azumi in ya kama, a kan gayyaci masu tafsiri da alarammomi zuwa garuruwa masu nisa, har zangon Kumasi da Agadas da Yawunde. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta soma a shekarar 1986, ta na yawo daga jiha zuwa jiha, malamai su na bin ɗalibansu. Duk inda aka je, ɗakin aro a ke sauka, ajin aro a ke karatu. Malami ya kan bukaci kafa jadawalin lokutan salla, ko sunayen ɗalibai da ranar da ko wanne zai hau, ko zanen rabon gado da zai yi bayani a kai. A ƙasashen da masaukai ba su da alamar alƙibla, in an gano ta sau ɗaya sai a yanki 'yar takarda kamar kibiya a manna a kan tebur, an huta da nema ko wace salla. Jagoran alhazai kuma, a benayen Makka da Madina inda ƙofofi ɗari su ke kama ɗaya, in masu gida sun yarda, ya na iya manna takarda mai launi a ƙofar tsohon da ba ya karanta lamba, ya gane ɗakinsa ba tare da ya ƙwanƙwasa na wani ba.

A nan ne babbar hujja ta ke, wadda ta fi duk abin da aka lissafa nauyi. Bangon masauki ba na baƙo ba ne. Ƙusa in ta shiga ta bar rami, salatif in ya fita ya tafi da fenti, gam kuwa ya zauna har abada. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin haya da na aro, a cikin Risala da Muhtasar da waninsu, cewa wanda ya ƙetare iyaka a kan abin da aka ba shi ya yi amfani da shi, lamuni ya hau kansa. Sau nawa a kan ga ɗakin baƙi na mutumin kirki, ko bangon makaranta, ko ginshiƙin masallaci, ya zama dabbare-dabbare da ragowar takardun sanarwa, waɗanda su ka manna sun tafi garinsu, sun bar mai wuri da kuɗin fenti? Mai gida ya kan yi kawaici don kunya, amma kawaicinsa bai sauke haƙƙi ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa in ta tashi ba ta barin tabo a kan ganye. Abin da zai taimaki baƙo ya bar wuri yadda ya same shi, ko da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, ba abin rainawa ba ne.

Fasali a kan abin da masu musu za su ce

Wani ɗan kasuwa ya iya ce wa malaminsa, "Allah gafarta Malam, iyayenmu sun je Gwanja sun komo, sun je Makka a ƙasa sun komo, ba su san wannan abu ba. Kayan 'yan makarantar Turawa ne, me ya haɗa dattijo da shi?" Sai a amsa masa, "Alhaji, su ma da su ka je ba hannu sake su ka je ba. Sun ɗauki ƙaro da kaki da basilla, domin su ne abin da zamaninsu ya ba su. Bin sawunsu shi ne a yi tanadi irin nasu." Wanda ya karɓi agogon hannu da tocila da wayar tafi-da-gidanka, ba shi da hujjar ƙin danƙo don an ƙera shi a Ingila.

In an ce zafin waɗannan ƙasashe ya fi ƙarfinsa, sai a ce wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Don ƙasa mai sanyi aka fara yinsa. In zafi ya tsananta ya kan yi laushi ƙwarai, ya saki abin da ya riƙe, ya naɗe a yatsa. A aikin hajjin shekarar 2024 zafi a Makka ya haura digiri 50, a watannin bazara kuma Sakkwato da Maiduguri da Yamai su kan wuce 40. Ƙurar hunturu ma maƙiyiyarsa ce, in ta shiga jikinsa ta cika shi sai ya daina kamawa. Bangon ƙasa da wanda aka shafa wa farar ƙasa ba ya zama a jikinsu, sai dai ya ɗebo shafen ya faɗo da shi. To, amma wannan duka iyaka ya nuna, bai soke amfani ba. Man shanu ma rana ta na narka shi, ba a kuwa daina guzurinsa ba, inuwa a ke nema masa. A ajiye danƙo cikin takardarsa a ƙaramin gwangwani mai marfi, a tsakiyar tufafi, kada a bar shi a gaban mota. A yi aiki da shi a cikin ɗaki, a jikin gilashi da tayil da ƙarfe da katako mai fenti.

In kuma an ce ƙarin kashe kuɗi ne, sai a duba lissafi. Ƙaramin ƙunshi nauyinsa bai kai giram 100 ba, rabinsa ma ya isa tafiya, kuma abin da aka yi aiki da shi yau shi za a sake murzawa gobe. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambanci tsakanin abin da a ke saya sau ɗaya da abin da a ke saya ko wace tafiya, ya kuma san abin da masu otal kan caje wanda ya ɓata musu bango.

Fasali a kan wuraren da ba a kai shi

Wannan fasali shi ya fi cancanta a kiyaye, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na farko, kada ya kusanci littafi. An faɗa a baya akwai mai a cikin haɗinsa, takarda kuwa ta na shan mai. In ya daɗe a jikinta sai ya bar tabo mai duhu wanda ba ya fita, in takardar tsohuwa ce ya ɗebo fatarta da tawadarta. Masu gyaran tsofaffin takardu sun hana shi kamar yadda su ka hana salatif. Mus'hafin da alaramma ya yi watanni ya na rubutawa, da littafin gado da aka samu daga kakanni, da ijaza, da wasiƙun da, babu ɗayansu da a ke gyarawa ko a kafe da danƙo. Ganyen da ya yage a sa shi cikin farar takarda a naɗe, a mayar gafaka. Haka nan takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah ba a rataye ta da abin da zafi ke sa ya saki, domin ta na iya faɗowa cikin dare a wayi gari a na taka ta.

Na biyu, kada a sa shi a fasfo, ko takardar biza, ko takardar kuɗi. Tabon mai a shafin fasfo ya isa ya jawo tambayoyi a bakin iyaka, dokar Babban Bankin Nijeriya ta shekarar 2007 kuma ta hana ɓata takardar naira.

Na uku, a nisanta shi da ƙananan yara. Ba guba ba ne, amma ya na iya shaƙe yaro in ya haɗiya, ko ya tura shi a hanci. Babba ma kada ya toshe kunne da shi don ƙarar jirgi ko minsharin abokin ɗaki, gama ɗumin jiki ya kan tausasa shi ya shige ciki, sai likita ya fitar.

Na huɗu, ba ya shiga soket, ba a ɗora shi a kan ƙwan fitila ko wani abu mai zafi. Na'urar da a ke kafawa a rufin ɗakin otal, mai yin ƙara in ta ji hayaƙi, ita ma ta na da 'yar fitila, kada wani ya liƙe ta don neman barci ko don ya turara ɗaki. Rayukan mutanen bene duka a kanta su ke.

Na biyar, abu mara nauyi kaɗai ya ke ɗauka. Madubi da agogon bango da allo ba aikinsa ba ne, balle a saman kan mai barci. Gidan sauro ma igiya ya ke so.

Na shida, turare da kananzir da man fetur su na narka shi, saboda haka ba a toshe kwalbar turare da shi. Ba a kuma sa shi a bakin abin da za a ci ko a sha, ko zuma ce, ko magani, ko ruwan Zamzam.

Na bakwai, mai shiga jirgi ya bar shi cikin takardar kamfaninsa mai suna a jiki. Akwai irin nakiya mai kama da danƙo, curin da ba suna kuwa in ya bayyana a na'urar bincike ya na iya sa a tsai da mutum a zazzage masa jaka.

Na takwas, a nemi izini. A Ingila kanta, inda aka ƙago shi, masu gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa sun hana manna shi a bango, domin in ya daɗe ya kan bar tabo, in fentin mai rauni ne ya ɓare shi. Wanda ya ɗauke shi don kiyaye haƙƙin mai gida, bai kamata ya zama da shi zai ci haƙƙin ba. A gwada a wani lungu tukuna, a fifita madubi da ƙofa a kan bango, a cire kafin a tashi. In kuma wani abu ya maƙale a farce, a kankare kafin alwala, tun da sharaɗi ne ruwa ya isa fata ba shamaki.

Na ƙarshe ya shafi kasuwa. An san masu ha'inci da ke zuba kaki a gindin mudu don ya ci ƙasa da ƙa'ida. Danƙon da ke riƙe takarda ya na iya lafewa a ƙarƙashin farantin sikeli, ya na iya toshe ɓular kaya har a sayar wa wanda bai sani ba. Laifin ba na danƙo ba ne, kamar yadda laifin yanka ba na wuƙa ba ne. Mai saye ya riƙa leƙa ƙarƙashin ma'auni, sarakunan kasuwa su sa ido, mai sayarwa kuma ya tuna akwai ranar da shi ma za a auna masa.

To, wanda ya ke shirin tafiya, in ya gama da manyan kaya, ya ware 'yar jaka guda ta ƙananan abubuwa: allura da zare, da 'yar igiya, da tocila, da alƙalami, da maganin da ya saba sha, ya ƙara da guntun danƙon manni kamar girman goro guda a cikin gwangwaninsa. In tafiya ta ƙare bai buɗe shi ba, bai yi hasarar kome ba, ya na nan har wata tafiyar. In kuwa bukata ta taso a garin da bai san kowa ba, ya sami abin gyara a hannunsa, ya kuma fita daga ɗakin mutane ba a bin sa bashin bango. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalansu lafiya, ya sa albarka a cikin nema. Tamat.